Me Ya Sa Asibiti Ke Tsayar da Wanda Guba Ta Zuba wa a Bakin Ƙofa?

Duk lokacin da labari ya ɓulla cewa tankar sinadari ta kife, ko iska mai guba ta tsiyayo daga wata masana'anta, hotunan da kan biyo baya suna ɗaure wa jama'a kai. Ga mutane a harabar asibiti suna tari, idanu na zubar da hawaye, amma ƙofar sashen gaggawa a rufe. Can gefe wani ma'aikaci na ɗaga murya yana cewa su tuɓe rigunansu. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ɗauka rashin tausayi ne, ko kuwa tsoro ne ya hana likitoci aikinsu.

Dalilin ya wuce nan. Wanda ya yi hatsarin mota, raunin da ya zo da shi nasa ne shi kaɗai. Wanda sinadari ya jiƙa wa tufafi kuwa ya zo da ciwon, ya kuma zo da abin da ya haddasa ciwon. Shigar da shi ciki kai tsaye tamkar ɗauko garwashi ne a ajiye a tsakiyar rumbu: nas ɗin da ta tarbe shi, da mai ciwon zuciyar da ke gadon kusa, da ɗakin kansa, duk sun shiga hatsari. Idan kuma aka rufe sashen gaggawa saboda ya gurɓata, mai naƙuda da mai karaya sai su nemi wani wuri har sai an tsabtace shi.

Shaƙa daban, ɗaukowa a jiki daban

Masana suna raba abubuwa biyu da jama'a kan haɗa. Akwai wanda gubar ta shige shi, ya shaƙa ko ya haɗiya. Akwai kuma wanda gubar ke kansa har yanzu, a fata, a gashi, a riga, a takalmi. Wanda ya shaƙi hayaƙin janareta a rufaffen ɗaki yana iya kasancewa rai a hannun Allah, amma ba abin da zai shafa wa likita. Wanda ruwan maganin ƙwari ya zubo wa a wando yana iya shigowa da ƙafarsa yana magana garau, alhali wandon na ta fitar da tururin da na kusa da shi za su shaƙa. Wannan na biyun ne ake kira gurɓatacce, kuma idan gubar ta tashi daga jikinsa ta kama wani, an samu gurɓata ta biyu ke nan.

Yanayin sinadarin ne ke nuna girman wannan hatsari. Iskar gas zalla, irin kulorin, takan watse da zarar mutum ya fito sarari, sai ɗan abin da ya maƙale a tufafi. Ruwa mai maiƙo da gari su ne masu naci, suna bin mutum duk inda ya je.

Akwai kuma bambanci tsakanin ma'aikata. 'Yan kwana-kwana da masu motar ɗaukar marasa lafiya su ke zuwa inda abin ya faru, inda gubar ta fi yawa. Ma'aikatan asibiti suna nesa, abin da majiyyaci ya ɗauko kawai ke iske su. A 2005 hukumar OSHA, mai kula da lafiyar ma'aikata a wuraren aiki a Amurka, ta fitar da jagora na musamman domin wannan rukuni na masu tarba, bisa hujjar cewa hatsarinsu bai kai na 'yan kwana-kwana ba, amma ya wuce abin da rigar asibiti ta yau da kullum za ta tare.

Abin da Tokyo ta koya wa duniya

Kusan duk tsarin da ake bi yau yana da tushe a safiyar 20 ga Maris, 1995, lokacin da mabiya wata ƙungiyar addini mai suna Aum Shinrikyo suka saki gubar sarin a jiragen ƙasa biyar na ƙarƙashin ƙasa a Tokyo, daidai lokacin tafiya aiki. Mutum 13 suka mutu a sanadin harin, daga baya adadin ya kai 14, fiye da 5,000 kuma suka nemi magani.

Tsarin da ke rubuce a lokacin ya ɗauka cewa za a killace wurin da abin ya faru, a wanke mutane a can, sannan motocin asibiti su raba su ga asibitoci daki-daki. Ba haka aka yi ba. Waɗanda motocin agaji suka ɗauka ba su kai 700 ba. Sauran sun tafi da ƙafa, ko a tasi, ko a motar wani mai wucewa da ya tausaya musu, kuma kowa ya nufi asibiti mafi kusa. Asibitin St. Luke's shi kaɗai ya karɓi mutum 640 a ranar, galibinsu da tufafin da suka shiga jirgi da su.

Da wuri ya cika, sai aka zuba majiyyata a barandu da ɗakin ibada na asibitin, wanda iska ba ta ratsa shi sosai. Binciken da aka yi daga baya ya nuna kusan kashi 23 cikin 100 na ma'aikatan da suka amsa tambayoyi sun ji alamun gubar a jikinsu, kamar ciwon ido da ciwon kai da dishi-dishin gani, kuma waɗanda suka yi aiki a ɗakin ibadar sun fi kowa shan wuya. A cikin ma'aikatan motocin agaji ma kusan ɗaya cikin goma ya kamu. Duk wannan da sarin ɗin da ba a tace shi sosai ba, wanda ƙarfinsa bai wuce kashi 30 da 'yan kai cikin 100 ba.

Sai matsalar labari. Bayanin farko da ya iso asibitin ya ambaci wani sinadari daban, kuma sai bayan wajen awa uku aka tabbatar cewa sarin ne, likitoci da dama ma a talabijin suka ji. Abin da ya taimaka shi ne wani likita na Jami'ar Shinshu, Nobuo Yanagisawa, wanda ya kula da waɗanda harin sarin na garin Matsumoto ya shafa a 1994, ya gane alamun ya aika wa asibitocin Tokyo bayani.

Abu uku suka fito fili daga nan, kuma haɗurran da suka biyo baya sun sake tabbatar da su: majiyyata kan riga sanarwa isowa, kan iso ba a wanke su ba, kuma masu ƙarfin tafiya da kansu ne ke fara cika ƙofa kafin a kawo waɗanda suka fi jikkata. Haka aka gani a Graniteville ta Amurka a Janairun 2005, inda jiragen ƙasa biyu suka yi karo cikin dare, tankin kulorin ya fashe, mutum 9 suka mutu, sama da 500 suka nemi magani.

Kafin magani, sai an gane guba ce

Wannan ne mataki mafi wuya, kuma sau da yawa ba likita ne ke fara fuskantarsa ba. Mai gadi ne, ko mai yanka kati, ko nas ɗin da ke tantance wanda za a fara gani. Idan su ba su lura ba, kafin likita ya ɗago kai majiyyacin ya riga ya zauna cikin jama'a.

A Birtaniya an fito da wata ƙa'ida mai sauƙi. Mutum ɗaya ya faɗi ba a san dalili ba, a duba shi yadda aka saba. Mutum biyu a wuri guda, a yi taka-tsantsan. Uku ko fiye, masu alamu iri ɗaya daga wuri ɗaya, a ɗauka guba ce har sai an tabbatar da akasin haka. Wari a jikin majiyyaci, ko jiƙaƙƙiyar riga, ko ma'aikaciyar da ta fara jin yaji a ido bayan ta taɓa shi, duk ƙararrawa ce.

Tunda sunan sinadarin kan makara, ana horar da likitoci su karanta jiki. Guba iri-iri ne, amma yadda suke kama mutum ya kasu gida kaɗan. Sarin da dangoginsa, da rukunin magungunan ƙwari na gona da ake kira oganofosfet, hanya ɗaya suke bi: suna toshe wani sinadarin jiki da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isar, sai saƙon ya yi ta bugawa ba tsayawa. Majiyyaci sai ya jiƙe sharkaf da gumi, miyau na dalala, majina na zuba, ƙirji na kurkur da ruwa, naman jiki na rawa, baƙin ɗigon tsakiyar ido ya tsuke ƙwarai. Dangin fentanil, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, su ma suna tsuke ɗigon ido, amma jiki a bushe, numfashi na ja da baya har ya tsaya. Kulorin da amoniya suna ƙona ido da maƙogwaro nan take. Iskar gas da ake kira fosjin kuwa macuciya ce, mutum na iya jin sauƙi ya tafi gida, bayan sa'o'i huhunsa ya cika da ruwa. Sayanayid yakan kayar da mutum cikin ɗan lokaci kaɗan.

Illar rashin bayani a bayyane take a tarihi. A daren 2 zuwa 3 ga Disamba, 1984, tan kusan 40 na metil-aisosayanet ya tsiyayo daga masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide a Bhopal ta Indiya. Dubban mutane suka yi wa asibitin Hamidia tsinke, likitoci ba su san abin da ya kama su ba, balle yadda za su tunkare shi, dubbai suka mutu a kwanakin farko. A Mosko, a Oktoban 2002, jami'an tsaro sun busa wani sinadari mai sa barci cikin gidan wasan kwaikwayon da aka yi garkuwa da mutane, ba tare da an gaya wa asibitoci ko mene ne ba. Wajen mutum 130 daga cikin waɗanda aka je ceto suka mutu, sai bayan kwanaki hukuma ta ce dangin fentanil ne, wanda makarinsa, naloksan, sananne ne. A Salisbury ta Ingila kuma, a Maris 2018, da aka tsinci tsohon jami'in leƙen asirin Rasha Sergei Skripal da 'yarsa a sume kan benci, zaton farko shi ne ƙwaya suka sha fiye da kima, kafin a gano gubar Novichok ce.

Shi ya sa asibitin da ya shirya kan san maƙwabtansa: wace masana'anta ke kusa, me take ajiyewa, wace hanya tankoki ke bi. Lambar da ke jikin tanka kan faɗi abin da ke ciki, 1017 kulorin ce, 1005 amoniya. Cibiyar bayanai kan guba, wadda likita zai buga wa waya dare ko rana, ita ma babban jigo ce, sai dai alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna ƙasashen da ke da irinta ba su kai rabi ba.

Tuɓewa, gogewa, wanka

Abin da ya fi komai tasiri shi ne mafi arha: cire tufafi. Littattafan horo kan ce tuɓewa kaɗai na kawar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na gubar. Masu bincike suna da ja kan wannan adadi, tunda ya danganta da irin tufafin da inda sinadarin ya zuba, amma ba mai musun cewa shi ne matakin farko, kuma kowane minti da aka ɓata gubar na ƙara ratsa yadi zuwa fata.

Yin sa ma da ƙa'ida. Rigar da ake cirewa ta kai ba a janta sama, domin za ta goge fuska da ido da baki. Da almakashi ake yanka ta daga wuya zuwa ƙasa, a buɗe ta waje, a naɗe ɓangaren da ya jiƙe ciki. A saka a leda, a ɗaure, a sake sakawa a wata ledar, a rubuta sunan mai ita, a ajiye a waje nesa da mutane.

Daga nan ne ra'ayi ya rabu. Tsohon tsari, wanda ya yi ƙarfi bayan Tokyo da hare-haren 11 ga Satumba, 2001, ya dogara da ruwa: tanti na musamman mai famfunan wanka, ko mesar 'yan kwana-kwana. Asibitoci da yawa a ƙasashe masu hali sun sayi irin waɗannan tantuna. Matsalarsu lokaci. Kafin a fito da tanti daga sito, a kafa, a jona ruwa, a samu ma'aikatan da suka sa kayan kariya, an ci mintuna masu yawa, majiyyaci na tsaye gubar na shiga jikinsa.

Sabon tsari, wanda Birtaniya ta fara aiki da shi a 2013, ya ce kada a jira. Da zarar an tuɓe, a ba mutum duk abin da ke tsotse ruwa, takardar goge hannu, ko tawul, ko bandeji, ya danna a kan fata ya tsotse, sannan ya goge, daga kai zuwa ƙasa, yana canza na hannunsa. Gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Hertfordshire, waɗanda gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsu ta kuma gina jagoranta mai suna PRISM a kansu, sun nuna busasshiyar gogewa da aka yi da wuri tana cire mafi yawan sinadari mai ruwa. Sun kuma nuna wani abin da ba a zata ba: jiƙa fata na iya taimaka wa wasu sinadarai su ratsa ta. Saboda haka jagoran ya taƙaita wankan zuwa daƙiƙa 90, da ruwa mai ɗumi, a kuma tsane jiki da tawul nan da nan.

Masu goyon bayan ruwa ba su rasa hujja ba, kuma sabon tsarin bai kore su ba. Idan sinadarin mai cin fata ne, kamar asid ko soda mai ƙuna, gogewa ba ta isa, ruwa ake kwarara da yawa, na aƙalla minti 20, ido ma haka. Gashi na riƙe guba yadda takarda ba ta iya cirewa duka. Garin sinadari kuma kaɗe shi ake fara yi a hankali kafin ruwa. Inda aka fi karkata yanzu shi ne jerawa: tuɓewa da gogewa nan take, wanka ya biyo baya idan an shirya.

Akwai kuma abin da injiniya ba ya iya warwarewa. Umartar mutum ya tuɓe a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne, a kowace ƙasa. Idan ba labule, ba a raba maza da mata ba, ba abin rufe jiki bayan an gama, kuma ba wanda ya yi bayanin dalili, wasu za su ƙi, wasu su juya su tafi gida da gubar. Yara da tsofaffi sanyi na saurin kama su bayan wanka. Makaho, da kurma, da mai keken guragu, da uwar da ke riƙe da jariri, kowanne sai an yi masa tanadi tun kafin ranar. Bargo da lasifika suna cikin kayan aikin da aka fi mantawa da su.

Ruwan wankan fa, ina zai tafi? An so a tare shi kada ya shiga magudana. Amma matsayar da hukumomi da dama suka ɗauka, har da hukumar kare muhalli ta Amurka, ita ce ba a jinkirta ceton rai saboda ruwan datti.

Kayan kariya: nawa ne ya isa?

Takunkumin tiyata ba ya tare tururin sinadari, wanda ake sawa don ƙwayoyin cuta ma haka. Siririyar safar hannu kuma sinadarai da yawa na ratsa ta. Abin da OSHA ta ba da shawara ga masu wanke majiyyata, idan ba a san gubar ba, shi ne riga mai hana sinadari shiga, da safar roba mai kauri, da takalmin roba, da hular da ke rufe kai duka wadda ƙaramin inji ke tura wa tatacciyar iska.

Wanda ya shiga wannan kaya ya zama rabin ma'aikaci. Ba ya jin magana sosai, ba a jin tasa. Yatsunsa ba sa jin bugun jini, neman jijiya don sa ruwa ya zama aiki. Zafi na gajiyar da shi cikin ɗan lokaci, dole a sauya shi. Cire kayan ma sai an koya, domin a nan ne mutum kan shafa wa kansa abin da ya guje wa.

A nan ma akwai saɓani. Wani ɓangare na nuni da Tokyo, da kuma abin da ya faru a jihar Jojiya ta Amurka a 2000, inda ma'aikatan sashen gaggawa uku suka kwanta bayan sun kula da wanda ya sha maganin ƙwari, su ce sakaci na da tsada. Ɗaya ɓangaren, musamman masana guba da suka yi aiki a Sri Lanka da Indiya, inda asibitoci ke karɓar masu gubar maganin ƙwari kusan kullum, sun ce da safar hannu da rigar leda da ɗaki mai iska ake kula da su, kuma da wuya a ga ma'aikacin da gubar ta kama da gaske. A ganinsu, ciwon kai da tashin zuciyar da ma'aikata kan ji galibi daga warin man da aka narka maganin a ciki ne, kuma firgita na iya sa a rufe sashe a banza ko a bar majiyyaci ya mutu a waje ana neman kaya.

Idan aka duba da kyau, ba kan abu ɗaya suke magana ba. Majiyyaci guda da aka san abin da ya sha daban yake da mutum hamsin da ba a san abin da ya zuba musu ba. Inda suka haɗu shi ne, wanda numfashinsa ke tsayawa ba a ce masa ya jira wanka. A waje ake buɗe masa hanyar iska, a ba shi oksijin da makari, ana yanka tufafinsa a lokaci guda.

Makari da lissafinsa

Yawancin sinadarai ba su da makari, abin da ke ceton mutum shi ne oksijin, da na'urar taimakon numfashi, da kulawa. Kulorin na cikin wannan sahu. Kaɗan ne ke da shi: atirofin da firalidoksim ga sarin da oganofosfet, naloksan ga dangin fentanil, wani nau'in bitamin B12 ga sayanayid.

Samun maganin a kanta ba ya nufin ya isa. Atirofin magani ne mai arha da kowane asibiti ke da shi, amma a 'yan ƙananan kwalabe na miligiram ɗaya ko ƙasa da haka, domin aikin yau da kullum. Mai gubar oganofosfet kuwa ninka masa ake yi duk bayan minti biyar har sai ƙirjinsa ya bushe. Idan aka fara da miligiram 2, aka je 4, 8, 16, 32, an sha 62 ke nan kafin rabin awa, wato nas ta fasa kwalba sittin da biyu saboda mutum ɗaya. A harin sarin na Ghouta a Siriya, ranar 21 ga Agusta, 2013, ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta ce asibitoci uku da take tallafa wa sun karɓi mutum kusan 3,600 cikin ƙasa da awa uku, 355 suka mutu. Babu kantin maganin asibitin da aka tsara don irin wannan adadi.

Amurka ta bi hanyar ajiye akwatunan makari a asibitoci da wasu cibiyoyi a faɗin ƙasar, a shirin da ake kira CHEMPACK, saboda maganin da zai zo daga babban sito bayan sa'o'i bai da amfani ga wanda mintuna suka rage masa. Masu suka na cewa kuɗi ne ake zubawa a maganin da galibi zai lalace ba a taɓa shi ba. Masu kare shirin na cewa haka duk wani tanadin gaggawa yake.

Shiri a takarda, shiri a aikace

Dokokin kiwon lafiya na duniya na 2005 sun ɗora wa ƙasashe nauyin shirya wa hatsarin sinadarai, kuma asibitoci da yawa na da kundin tsari. Ko kundin na aiki, wannan wata magana ce. Abin da atisaye kan tona kusan iri ɗaya ne a ko'ina: makullin sito na hannun wanda ya tashi aiki, batirin hular iska ya mutu, waɗanda aka horar sun koma wani asibiti, masu aikin dare ba su taɓa ganin kayan ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma hatsari ba ya zaɓar safiyar Litinin.

Ginin ma na da nasa rawar. Asibiti mai ƙofofi goma da ba a iya rufewa ba zai hana gurɓataccen mutum shiga ba. Na'urar sanyaya ɗaki da ke juya iska ɗaya a cikin gini na iya kai tururi har ɗakin yara. Wurin wanka na dindindin a jikin bangon waje, mai ruwan ɗumi, ya fi tantin da sai an kafa.

Ga asibitin da ba shi da kuɗin hular iska, sabon tsarin gogewa ya sauƙaƙa abubuwa ƙwarai. Fili a waje inda iska ke kaɗawa, almakashi, leda, tawul, bokiti da sabulu, labule, isasshen atirofin, da mai gadin da ya san abin da zai yi idan mutum uku suka iso suna tari tare, waɗannan sun ɗauke kaso mai yawa na aikin. Kuma harin ta'addanci ba shi ne abin da aka fi gani ba. Na kullum shi ne manomin da maganin feshi ya zubo wa, da ma'aikacin masana'anta, da mai share bayan gida da ya haɗa bilic da wani sinadarin wanki mai asid, kulorin ya tashi.

Abin da ya shafi jama'a

Wanda abin ya rutsa da shi, farkon abin yi shi ne barin wurin, ya nufi inda iska ke fitowa, kuma ya hau tudu idan da hali, domin kulorin da ire-irensa sun fi iska nauyi, kwari suke bi. Wannan ne ma ya sa yara suka fi shiga hatsari, ga su kusa da ƙasa, ga saurin numfashi. Ya cire rigar sama tun a can, kada ya taɓa fuska, kada ya ci ko ya sha ko ya kunna taba. Idan fata ko ido na ƙuna, ruwa da yawa.

Mai taimako da ya ɗauki gurɓataccen mutum a mota da gilasai a rufe, shi ma ya zama majiyyaci. A cire tufafin kafin a shiga, a sauke gilasai. Da an isa asibiti, mutum ɗaya da bai gurɓata ba ya je ya sanar, sauran su tsaya a waje. Hoton kwalin sinadarin a waya ya fi ɗauko kwalbar kanta amfani.

Dangi kuma su sa ran abubuwan da ba za su yi musu daɗi ba. Za a iya hana su shiga. Za a iya riƙe waya da tufafi da makullai, wani lokaci a ƙona su, wani lokaci 'yan sanda su karɓa a matsayin shaida. Za a iya wuce wanda ya fara zuwa a ɗauki wanda ya zo daga baya, saboda tantancewa na bin tsananin ciwo ne. Wanda ke da wata lalurar daban yana iya tarar an karkatar da shi zuwa wani asibiti na wasu sa'o'i. Kuma wanda ya ji garau ana iya ce masa ya kwana a sa masa ido, musamman idan ana zargin fosjin ko makamancinsa. Wanda aka sallama kuwa akan ba shi jerin alamun da zai dawo da gaggawa idan ya gani a cikin kwana ɗaya ko biyu: tari mai ƙaruwa, nauyin ƙirji, numfashi sama-sama, ko ƙuraje masu ruwa a inda sinadarin ya taɓa.